Ƙaura daga Minnesota zuwa Florida: ribar haraji za ta rufe kuɗin inshora kuwa?

Baban Yara ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san jihar Florida ta Amurka ciki da bai. Mu biyar ne a gida, har da mahaifiyata, muna zaune a Minnesota, kuma sanyin hunturu ya ishe mu, musamman ita Hajiya da ciwon gwiwa ke tasar mata duk shekara. Aikina ta intanet nake yi, don haka canjin gari ba zai taɓa albashina ba. Hankalinmu ya fi karkata ga yankin Tampa, ko Fort Myers, ko Jacksonville. Ƙarfinmu bai wuce gidan dala 400,000 ba, shi ma da bashin banki.

Abin da ke jan mu a fili yake: babu dusar ƙanƙara, jihar ba ta cire haraji daga albashi, ga teku kusa. Abin da ke hana ni barci shi ne batun guguwa da inshora, don kowa na tambaya sai ya ba ni amsa daban. Shin abin da zan tsira da shi na haraji zai kai ya rufe ƙarin kuɗin da zama a can ke ci? Me ya kamata in duba kafin in sa hannu a takardar gida? Allah ya saka da alheri.

Hajiya Mai Lissafi ta rubuta:

Wa alaikumus salam Baban Yara, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Bari in ɗauki ɓangaren kuɗi, in bar wa masana gini nasu.

Gaskiya ne Florida ba ta karɓar harajin kuɗin shiga daga ɗaiɗaikun mutane, kuma tsarin mulkin jihar ne ya hana, ba alkawarin wani gwamna ba. A Minnesota kuwa harajin yana farawa daga kashi 5.35 cikin ɗari ya hau har 9.85. To kada ka yi kintace. Ɗauko takardar harajinka ta jiha ta bara, ka duba jimillar abin da ka biya. Wannan lambar ita ce ribarka, babu ƙari. A ce dala 4,000 ce. Rubuta ta a saman takarda, duk abin da za mu lissafa a nan ka riƙa cirewa daga cikinta.

Harajin saye da sayarwa ba zai canza maka komai sosai ba. Na Florida kashi 6 ne, gundumomi su ɗora nasu a kai, na Minnesota 6.875. Sai dai ka sani a Minnesota ba a ɗora haraji a kan tufafi, a Florida ana ɗorawa.

Inda baƙi ke faɗawa rami shi ne harajin gida. Akwai rangwame ga wanda gidan ne mazauninsa na dindindin: ana cire wajen dala 50,000 daga ƙimar da ake lissafa haraji a kanta, ko da yake rabin rangwamen bai shafi kason makarantu ba. Sannan akwai dokar da ta hana ƙimar gidan ta hau fiye da kashi 3 cikin ɗari a shekara muddin kana ciki. Wannan dokar alheri ce ga wanda ya daɗe, amma ranar da aka sayar da gidan kariyar ta faɗi. Ranar 1 ga Janairun da ke biye da cinikin, sai a sake yi wa gidan ƙima daidai da kasuwa.

Ga misali. Mai gidan ya shekara ashirin a ciki, ƙimarsa a takardar haraji dala 180,000, kai kuma ka saya 400,000. A ɗauka harajin yankin kashi 1.8 ne. Shi yana biyan wajen 2,300 a shekara, kai za ka biya wajen 6,300. Takardar tallar gidan tasa lambar za ta nuna maka. Shekarar farko ba za ka ji komai ba, domin da tsohuwar ƙimar ake lissafi. A shekara ta biyu ne banki zai rubuto cewa kuɗin da yake tara maka na haraji da inshora bai isa ba, ya ƙara maka biyan wata, ya kuma nemi cikon giɓin da ya riga ya biya. Yawancin ofisoshin ƙimar kadara na gunduma suna da wurin lissafi a shafinsu na intanet. Saka farashin da za ka saya, ka yi aiki da abin da ya fito.

Rangwamen kuma ba ya zuwa da kansa. Sai gidan ya kasance naka kana cikinsa ranar 1 ga Janairu, ka kuma shigar da takardar nema kafin 1 ga Maris.

A sababbin unguwanni ka tambayi abu biyu da baki: kuɗin ƙungiyar masu gidaje, da kuɗin da ake kira CDD, wato bashin da aka ci aka shimfiɗa tituna da magudanan unguwar, wanda ake rabawa masu gidaje su biya shekara da shekaru tare da harajin gida. Dillali ba lallai ya fara ambatarsa ba.

Mota: kwana 30 kake da su ka sauya lasisin tuƙi, kwana 10 ka yi wa mota rajista, kuma rajistar farko akwai dala 225 a kan kowace mota ban da kuɗin lamba. Inshorar mota a jihar tana cikin mafi tsada a Amurka. Kira kamfaninka tun yanzu, ka ba su lambar yankin da kake so, su faɗa maka farashi.

Abu na ƙarshe da ya fi damuna shi ne lafiyar Mama. Florida ba ta faɗaɗa shirin Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ba kamar yadda Minnesota ta yi, saboda haka wanda ya cancanta a can ba dole ya cancanta a nan ba. Idan kuma tsarin Medicare (inshorar lafiyar tsofaffi) na kamfani take kai, irin wannan a ɗaure yake da yanki, sai an sauya. A warware wannan kafin a ɗaure kaya. Kuma idan za ka bar gida a Minnesota kana kai da komo, ka ƙirga kwanakinka: wanda ke da mazauni a jihar ya kuma yi kwana 183 a cikinta, za su ɗauke shi ɗan jiha su nemi harajinsu cikakke.

Injiniya ya rubuta:

Hajiya ta yi bayani mai kyau. Malam Baban Yara, ni a ganina tambayar ba ta jiha ba ce, ta gida ce. Gidaje biyu a gari ɗaya, farashi ɗaya, tsakaninsu tafiyar minti biyar, ɗaya zai iya cin ninkin inshorar ɗayan. Tsayin ƙasar da yake kai da shekarun rufinsa su ne ke yanke hukunci.

Ka raba iska da ruwa a ranka, domin inshora ma ta raba su. Inshorar gida ta yau da kullum tana biyan ɓarnar iska. Ba ta biyan ruwan da ya taso daga ƙasa ya shigo ta ƙofa, ko na teku ne ko na sama. Wannan sai inshorar ambaliya, wadda ake saye daban.

A ɓangaren iska, ka nemi layin da ya faɗi kason da za ka fara biya daga aljihunka idan guguwa ce ta yi ɓarnar. Ba ƙayyadadden kuɗi ba ne galibi, kaso ne na kuɗin da aka yi wa ginin inshora: kashi 2, ko 5, ko 10. A kan dala 400,000, kashi 2 dala 8,000 ke nan, kashi 5 kuwa 20,000. Mutane kan zaɓi kashi 5 don kuɗin shekara ya sauko, ranar da rufi ya yaye su tarar gyaran 18,000 ne, kamfani ba zai ba da ko sisi ba. Duk kason da ka zaɓa, kuɗinsa ya kasance a ajiye a banki kafin watan Yuni.

Shekarar ginin tana da muhimmanci. Bayan guguwar Andrew ta ragargaza garin Homestead a 1992, an tsaurara ƙa'idojin gini, kuma dokar gini ta jiha baki ɗaya ta fara aiki a Maris 2002. Gidan da aka gina bayan nan yakan fi samun sauƙin inshora. Kafin ka saya, ka biya a yi maka binciken kariyar iska. Mai binciken zai hau cikin silin da tocila ya duba yadda aka haɗa katakan rufi da bango: ƙusa ce kawai aka buga a karkace, ko akwai ƙarfen da ya riƙe katakon, ko wanda ya naɗe shi ta sama ya sauko. Zai duba girman ƙusoshin da suka riƙe allunan rufi da tazarar da ke tsakaninsu, inci shida ake so. Zai duba ko an shimfiɗa leda mai manne a ƙarƙashin rufin, da siffar rufin kansa, domin mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure iska. Sai tagogi da ƙofar gareji: gilashi mai jure bugu ne, ko akwai murfin ƙarfe. Dalilin damuwa da tagogi shi ne, idan ɗaya ta fashe iska ta cika gida, tana tura rufi daga ciki yayin da ta waje ke fizgarsa sama. Takardar binciken tana aiki shekara biyar, kuma doka ta sa kamfanoni su yi ragi a kan abin da ta nuna.

Tsohon gida kuma za a nemi binciken abu huɗu: rufi, wayoyin lantarki, bututun ruwa, da na'urar sanyaya ɗaki. Wayar alminiyam ta shekarun 1960 da 1970, da bututun roba mai ruwan toka da aka yi yayi daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1990, suna sa kamfani ya ƙi gidan. Rufin da ya kai shekara 15 shi ma matsala ne. Dokar 2022 ta hana a ƙi gida saboda shekarun rufi kaɗai idan bai kai 15 ba. Idan ya kai, sai mai bincike ya shaida cewa yana da sauran shekara biyar a gaba. Rufi mai shekara 13 ka sa kuɗin sabo cikin cinikinka.

Yanzu ruwa, wanda shi ya fi kisa ya fi talautarwa. Ranar 28 ga Satumba 2022 guguwar Ian ta turo teku kan Fort Myers Beach, tsayin ruwan a wasu wurare ya kai ƙafa 15. A Satumba 2024 guguwar Helene ta sauka can arewa, nesa da Tampa, amma ruwan da ta turo ya cika unguwannin gaɓar yankin. Kwana 13 bayan nan guguwar Milton ta sauka a Siesta Key da ke kudu da Tampa, kayan gidajen da suka jiƙe suna jibge a bakin titi ba a gama kwashewa ba. Ba sai da guguwa ba ma: a Afrilu 2023 an yi ruwan sama na sama da inci 25 a Fort Lauderdale cikin kwana guda.

Ka saka adireshin gidan a taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya. Yankin da ya fara da harafin A ko V yankin haɗari ne, banki zai tilasta maka inshorar ambaliya. Yankin X ba tilas, amma ni zan ce ka saya, domin Ian ta cika gidaje har a Orlando da ke tsakiyar jiha. Inshorar gwamnatin tarayya iyakarta dala 250,000 a kan gini da 100,000 a kan kayan ciki, kuma sai ta kwana 30 kafin ta fara aiki, in ba tare da bashin gida aka saye ta ba. Kada kuɗin da mai gidan ke biya yanzu ya ruɗe ka. Tun 2021 aka sauya tsarin lissafi, gidaje da yawa ana ƙara musu har kashi 18 kowace shekara sai sun kai cikakken farashinsu. Ka tambayi wannan cikakken farashin. Ka nemi takardar shaidar tsayin daɓen gidan. Tun Oktoba 2024 doka ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana a rubuce ko ya taɓa neman diyyar ambaliya, ka karanta takardar da kyau.

Akwai kuma ƙa'idar rabi. Idan gidan yana yankin haɗari kuma gyaransa ya kai rabin ƙimar ginin, ban da fili, ba za a ba ka izinin gyara shi yadda yake ba. Sai ka ɗaga shi sama ko ka rushe ka sake. Tsofaffin gidajen ƙasa na bakin teku a nan suke talauta masu su.

Kwangilar saye takan ba da kwana 15 na bincike idan ba a rubuta wani adadi ba. A cikin waɗannan kwanakin ka karɓi farashin inshorar iska da ta ambaliya a rubuce. Idan kamfanin Citizens kaɗai ya yarda, wato na jiha da ake komawa idan an rasa, wannan ma ya gaya maka wani abu game da gidan. Kuma da zarar an fitar da gargaɗin guguwa, kamfanoni kan dakatar da sabuwar inshora, ciniki ya tsaya cak har ta wuce.

Baban Yara ya rubuta:

Na gode ƙwarai Hajiya, na gode Injiniya, Allah ya ƙara basira. Jikina ya yi sanyi da batun rufi da ambaliya. To idan na haƙura da gida mai fili na sayi ɗaki a bene na haɗaka, hawa na biyar misali, ba na huta da duka biyun ba? Sannan zafin da ake faɗa, ya yake a zahiri?

Injiniya ya rubuta:

Ba ka huta ba, raba nauyin kawai kuka yi da maƙwabta. Bayan benen Champlain Towers South ya rufta a Surfside ranar 24 ga Yuni 2021 mutum 98 suka rasu, jihar ta yi doka a 2022: bene mai hawa uku zuwa sama dole injiniya ya binciki ƙashin gininsa idan ya kai shekara 30, kuma dole ƙungiyar masu ɗakuna ta tara kuɗin gyaran rufi da ginshiƙai da sauransu, ba kamar da ba da suke kaɗa ƙuri'a su yafe wa kansu. Iskar gishiri tana ratsa kankare, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, kankaren ya tsage. Benayen da aka ƙi gyarawa shekara da shekaru yanzu ake raba wa masu ɗakuna kuɗin a dunƙule. Idan ka ga ɗaki a bakin teku da araha mai ban mamaki, nemi rahoton binciken ginin, da rahoton asusun gyara, da bayanan tarukan ƙungiyar na shekara guda. A cikin bayanan tarukan ake ganin kuɗin da ake shirin ɗorawa tun ba a sanar ba.

Maman Ilham ta rubuta:

Sannu Baban Yara, a gaida Mama. Kada duk wannan ya kashe maka gwiwa, alherin wurin na gaske ne. Daga Nuwamba zuwa Afrilu sararin sama garau, iska a bushe, dattijuwa za ta iya fita ta taka ƙafa kowace safiya ba fargabar santsin ƙanƙara. Sai dai jihar doguwa ce. Jacksonville takan yi daren da ruwa ke daskarewa, Fort Myers da wuya.

Zafin kuma ba a ma'auni yake ba. Daga Yuni zuwa Satumba rana takan tsaya wajen digiri 32 zuwa 34, amma iska cike take da laima, gumi ba ya bushewa a jiki, dare ma ba ya hucewa sosai. Kusan kullum da la'asar hadari zai haɗu, a yi tsawa da ruwa kamar da bakin ƙwarya, bayan awa guda rana ta dawo titi yana tururi. Jihar ta yi suna wajen faɗuwar aradu, don haka yara su saba: an ji tsawa, a fito daga ruwa a shiga gida. Mai hawan jini ko ciwon zuciya a tambayi likitansa, domin wasu magungunan suna rage wa jiki jure zafi.

Na'urar sanyaya ɗaki a can aikinta biyu, sanyi da tsotse laima. A sayi ɗan ma'aunin laima a ajiye a falo, kada ya wuce kashi 60, in ya wuce fumfuna za ta kama bayan kabad da takalman fata. Na'urar da ta fi ƙarfin gidan ba gata ba ce: takan sanyaya ɗaki da sauri ta mutu kafin ta janye danshin, sai gida ya yi sanyi amma bango yana naso. Idan za a yi tafiya kada a kashe ta, a bar ta wajen digiri 25 ko 26. Tana zubar da ruwa ta wani farin bututu, gansakuka kan toshe shi, ruwa ya koma ya jiƙa silin. Kofi ɗaya na khal a zuba a bakin bututun kowane wata, matatar iska kuma a sauya ta duk wata ɗaya zuwa uku. Kusa da teku gishiri na cin injin waje, a riƙa wanke shi da ruwan famfo, haka ma ƙarƙashin mota. Gara ma tana nan iri biyu, ta ƙasa da ta cikin busasshen katako. Ta biyun idan ta yi yawa sai an lulluɓe gidan duka da tanti an yi masa hayaƙi, ku kwana biyu ko uku a waje. A yi binciken gara kafin ciniki.

Lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Yankin kwashe jama'a daban yake da yankin ambaliyar da Injiniya ya faɗa, gunduma ce ke tsara shi, kuma yankin A ake fara cewa su tashi. Da tsohuwa a gida, wannan harafin ya kamata ya shiga zaɓinku. Tanadi na kwana bakwai: galan ɗaya na ruwa ga kowane mutum a rana, ku biyar galan 35 ke nan, da abincin da ba ya bukatar firji, da maganin Mama, da tsabar kuɗi don na'urar kati ba ta aiki idan babu wuta. Janareta a waje yake zama, aƙalla ƙafa 20 daga ƙofa da taga, ba a gareji ba ko da a buɗe yake, domin hayaƙinsa ba shi da wari kuma yana kashe mutane cikin barci. Mota mai batir da ruwan gishiri ya taɓa a nisanta ta da gida, takan kama da wuta bayan kwanaki.

Duk wani tafki ko kududdufin unguwa a ɗauka akwai kada a ciki, kada yara su yi wasa a bakinsa da magariba.

Hajiya Mai Lissafi ta rubuta:

Ƙarin abu ɗaya, Baban Yara. Tunda aikinka bai ɗaure ka da gari ba, ka kama haya ta shekara guda kafin ka saya, kuma ta haɗa da Agusta da Satumba. Ribar harajin za ka fara cin ta tun kana ɗan haya, rufi da kason guguwa kuwa suna wuyan mai gida. Kai dai ka yi wa kayanka inshorar ɗan haya da ta ambaliyar kayan ciki. Duk ranar da aka tafka ruwa, ka ɗauki mota ka zaga unguwannin da kake sha'awa bayan awa biyu, ka ga titin da ya tsane da wanda ruwa ke kwance har bakin gareji.

Idan ka matsa ciki da nisan minti 30 zuwa 40 daga gaɓa, turowar teku takan fita daga lissafinka, amma a arewacin Tampa, gundumomin Pasco da Hernando, ƙasa na ruftawa saboda dutsen da ke ƙarƙashi ruwa na cinye shi. Inshorar gida tana biyan ruftawar da ta sa hukuma ta hana zama a gidan ne kawai, tsagewar bango da nutsewar daɓe sai an sayi ƙari. Idan ka samo adireshi biyu ko uku, kawo shekarar gini da shekarar rufi da harafin yankin ambaliya na kowanne, mu zauna mu cire su daga waccan lambar da ka rubuta a saman takarda.